Darussan da fim ɗin 'yan makaranta ya koya mana a Miskine

Kafin in shiga maganar da ta sa na ɗauki alƙalami, ya kamata in fara da neman afuwa wajen iyayen wasu yara bakwai na unguwarmu ta Miskine a nan birnin Bangui, waɗanda na riƙe masu 'ya'ya har bayan sallar isha'i kusan kullum a tsawon babban hutun makaranta da ya wuce. Allah Ya sani ba yawon banza muka yi ba. Fim muka yi, ɗan gajere mai tsawon minti 18, kuma tun daren da muka nuna shi nake ta juya al'amarin a raina, har na ga bai dace in bar abin da muka koya ya tsaya tsakanina da yaran kawai ba, domin kuwa akwai abin da ya shafi iyaye a ciki, akwai wanda ya shafi malamai da 'yan kasuwa, akwai kuma na hukuma.

Yadda abin ya faro shi ne, wata ranar Asabar bayan mun kammala shirin matasa a gidan rediyon da nake aiki, sai ga waɗannan yara sun tsaya ni a bakin ƙofa. Maza huɗu ne da mata uku, dukkansu 'yan ajin ƙarshe na sakandare, biyar Musulmi, biyu Kiristoci. Babbar cikinsu ta ce, "Kawu, fim muke so mu yi a kan mutanen da suka dawo daga gudun hijira, muna so ka taimaka mana." Na yi dariya na ce masu ni ɗan rediyo ne, ban taɓa riƙe kyamara ba. Suka ce ai su ma ba su da ita, wayoyin hannu biyu gare su, abin da suke nema wajena shi ne na'urar ɗaukar murya da kuma babban mutum da zai shige masu gaba idan za su shiga gidajen jama'a. Ganin sun riga sun yi nisa a shawararsu, sai na amsa.

Saboda masu karatu na Kano da Maraɗi da sauran wurare, bari in ɗan yi bayani. A watan Maris na 2013 ne 'yan tawayen Seleka suka kama birnin Bangui suka kori gwamnatin François Bozizé, sannan a ranar 5 ga Disamba na wannan shekarar 'yan Anti-balaka suka kawo farmaki cikin birnin, daga nan rikici ya koma tamkar na addini. Dubban Musulmi, Hausawa da Fulani da Larabawan Chadi da sauransu, waɗanda da yawansu a nan aka haifi kakanninsu, suka gudu zuwa Kamaru da Chadi, waɗanda suka rage kuma suka matsu a unguwar Kilomita Biyar, wadda ake kira PK5. Kiristoci da dama su ma sun bar gidajensu na kewayen unguwar sun koma sansanoni, ciki har da babban sansanin filin jirgin sama na M'Poko. Miskine tana kan iyaka ne tsakanin ɓangarorin biyu, don haka ta sha wuta sosai. Lokacin da Paparoma Francis ya ziyarci babban masallacin Koudoukou a ranar 30 ga Nuwamba 2015, waɗannan yara nawa suna ƙanana, ba su san dawan garin ba. Sun tashi ne suna ganin kangaye a kan hanyarsu ta zuwa makaranta, idan sun tambaya a ce masu su yi shiru.

Na tambaye su ina suka samo wannan tunani na fim. Ashe sun ji labarin yayyensu ne. A shekarar 2017 wata cibiyar koyar da fim ta Faransa mai suna Ateliers Varan ta shirya horo a Alliance Française ta Bangui, ƙarƙashin Boris Lojkine da Daniele Incalcaterra, inda aka koya wa wasu matasa yadda ake yin fim na zahiri, wato wanda ake ɗaukar mutane a cikin rayuwarsu ta yau da kullum ba tare da wasan kwaikwayo ba. Daga cikin waɗanda suka fito daga wannan horo akwai Elvis Sabin Ngaïbino, wanda ya yi fim ɗin Makongo a kan wasu samari biyu 'yan ƙabilar Aka da ke tara tsutsar itace ta ci suna sayarwa don yaran ƙauyensu su yi karatu, fim ɗin da ya ci kyauta a bikin Cinéma du Réel na birnin Paris a 2020. Akwai kuma Rafiki Fariala, wanda aka haifa a Uvira ta ƙasar Kongo a 1997, iyayensa suka yi gudun hijira da shi zuwa nan yana ƙarami. Shi ne ya ɗauki rayuwarsa da ta abokansa uku a Jami'ar Bangui ya yi fim mai suna Nous, étudiants!, wato mu ɗalibai, aka nuna shi a babban bikin finafinai na birnin Berlin a ƙasar Jamus a 2022. Ga ƙasar da sai a 2003 ta samu babban fim ɗinta na farko, wato Le Silence de la forêt na Didier Ouénangaré da Bassek ba Kobhio, wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne.

Ita kanta cibiyar Varan tana da dangantaka da ƙasar Hausa. An kafa ta a 1981 bisa tunanin Jean Rouch, Bafaranshen nan da ya shafe shekaru yana ɗaukar fim a Nijar, ya kuma rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. A wajensa ne Oumarou Ganda ya fara shiga harkar fim yana lebura a Abijan, kuma shi Gandan ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Ke nan idan yaron Miskine ya ɗaga waya yau ya ce zai ɗauki labarin unguwarsu, ba baƙon abu ya ɗauko ba.

To, me muka koya? Abu na farko shi ne kunne ya riga ido. Kwanaki uku na farko duk abin da yaran suka ɗauka zubar da shi muka yi. Hoto ya fita tangaran, amma da muka zauna saurare sai ƙarar babura da janareton maƙwabta da kiran masu talla, mai magana kuwa sai dai ka ga bakinsa yana motsi. Laifina ne, domin ni da na shafe shekaru ina gaya wa sababbin ma'aikata su matsa da makirfo kusa da bakin mai magana, sai ga shi na tsaya ina kallon hoto a waya kamar baƙauye. Daga ranar muka sa doka, ba a fara ɗauka sai mai riƙe da na'urar murya ya sa abin saurare a kunne ya ce ya gamsu, kuma muka mayar da yawancin hirarrakin zuwa bayan sallar asuba kafin gari ya ɗauki hayaniya. Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai duhu, amma idan bai ji abin da ake faɗa ba, tashi zai yi ya tafi.

Abu na biyu, sallama ita ce rabin aiki. Ranar da yaran suka yi gaban kansu suka shiga kasuwa da waya a ɗage ba tare da ni ba, saura kaɗan a yi masu duka. Wasu samari suka kewaye su suna tambaya wa ya aiko su, wace ƙungiya ce ta biya su, ina za a kai hotunan. Wani dattijo mai sayar da yadi da ya san mahaifin ɗaya daga cikinsu ne ya cece su. Ban ga laifin samarin ba ƙwarai. Mutumin da aka daɗe ana ɗaukarsa hoto ana kai wa duniya a matsayin ɗan ta'adda ko abin tausayi, dole ya tsargu idan ya ga an nuna shi da kyamara. Washegari muka sa manyan riguna muka je wajen mai unguwa, daga nan muka wuce wajen liman, muka kuma je wajen faston cocin da yara biyun suke zuwa. Liman ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Akwai rawa da waƙa a ciki?" Na ce, "Allah gafarta Malam, babu." Ya ce, "'Yan matan fa, wa zai riƙa maido su gida?" Na ce ni da kaina. Ya sa mana albarka. Mako guda cur muka kashe a kan gaishe-gaishe, yaran suna ta ƙorafi ana ɓata masu lokaci, amma bayan nan babu ƙofar da muka ƙwanƙwasa aka hana mu shiga.

Na uku kuwa shi ne wanda ya hana ni barci, kuma saboda shi ne na yi wannan rubutu. Cikin waɗanda muka yi hira da su akwai wata dattijuwa mai tuyar ƙosai, wadda ta yi shekaru a Garoua-Boulaï ta ƙasar Kamaru kafin ta dawo. Ta zauna a kan tabarma cikin ɗaki ɗaya da ta samu ta rufa a kangon gidanta, ta ba da labari tiryan-tiryan, yadda suka fita da dare a bayan babbar mota, yadda mijinta ya rasu a can, yadda ta dawo ta tarar ko ƙyaure ba a bar mata ba. Tana cikin magana sai zuciya ta ɗebe ta, ta kama sunan maƙwabcin da ta ce shi ya kwashe kwanon rufin gidanta, ta faɗi sunan mahaifinsa, ta kwatanta gidansa, ta ce kullum sai ta ga kwanonta a kan ɗakinsa idan za ta je ɗebo ruwa. Yaran suka fito suna murna, suka ce wannan shi ne zuciyar fim ɗin.

Da muka zo yanka da haɗa hotuna sai gardama ta kaure. Ɓangare ɗaya suka ce gaskiya ce ta faɗa, da bakinta ta faɗa, ta kuma san ana ɗauka, cire wajen zalunci ne na biyu a kanta. Ɗaya ɓangaren suka ce mu za mu nuna fim mu koma gidajenmu mu kwanta, ita ce za ta kwana ita kaɗai a ɗakin da ba shi da ƙyauren kirki, taku kaɗan daga gidan mutumin da ta tona. Wata yarinya kuma ta kawo abin da ni kaina ban yi tunaninsa ba, ta ce mu ba mu ji ta bakin mutumin ba, idan kuma sayen kwanon ya yi a hannun wasu fa? Kwana biyu ana wannan, har wani yaro ya yi fushi ya ce ya fita daga aikin.

A ƙarshe muka ɗauki kwamfutar muka koma gidan tsohuwar, muka nuna mata wajen. Ta kalla shiru har ya ƙare. Na ce, "Inna, jama'ar unguwa za su ga wannan, har da shi da 'ya'yansa, kuma idan ya shiga wayoyin mutane babu mai iya dawo da shi. Mu bari ko mu cire?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ɗana, ku bar maganar kwano, ku cire sunan. Shi ya san kansa, Allah kuma Ya san shi." Haka muka yi. Yaron da ya yi fushi ya dawo, shi ne ma ya yi yankan da hannunsa.

Abin da na fahimta a nan shi ne, amincewar da mutum ya bayar kafin a kunna kyamara ba ta wadatar ba, domin a lokacin bai san abin da zai fito daga bakinsa ba, bai kuma san yadda zai kasance idan an haska shi a bango ba. Sai an koma an nuna masa. Mu 'yan rediyo mun san magana zarar bunu ce, amma ta rediyo iska tana tafiya da ita, ta fim kuwa tana nan da fuskar mai ita, ana tura ta daga waya zuwa waya har bayan ransa.

Na san wani zai ce, to ai kai ma ka yi abin da hukuma take yi ke nan, ka tace gaskiya. Wannan magana tana buƙatar amsa, domin a 2022, bayan fim ɗin Rafiki Fariala ya dawo daga Berlin da yabo, ma'aikatar al'adu ta ƙasar nan ta hana nuna shi, bisa hujjar cewa yana ɓata sunan ƙasa. Abin da fim ɗin ya nuna kuwa shi ne cunkoson ɗakunan karatu, da wahalar ɗakunan kwanan ɗalibai, da cin hanci, da yadda wasu malamai ke matsa wa ɗalibai mata. A ra'ayina hanin nan kuskure ne. Mu sunan mutum ɗaya muka cire don kada a cutar da tsohuwa marar gata, kuma da izininta, amma ɓarnar da aka yi mata tana nan cikin fim ɗin kowa ya ji. Hanin da aka yi wa fim ɗin ɗalibai kuwa bai kare ɗaliba ko ɗaya ba, waɗanda ya rufa wa asiri su ne masu cutar da ita. Duk mai 'ya a jami'a ya san waɗannan abubuwa tun kafin a yi fim, kuma mutanen Jamus da Faransa sun riga sun kalla, waɗanda aka hana gani su ne 'yan ƙasa da abin ya shafa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da an tara shugabannin jami'a da ɗalibai an kalla tare an tattauna, da ƙasar ta fi samun mutunci.

Sauran darussan ƙanana ne, amma sun ci mana tuwo a ƙwarya. Mun yi asarar hirar yini guda saboda katin ajiyar waya ya lalace alhali ba mu kwafe a wani wuri ba, daga ranar kowane dare sai an kwafe aiki a wuri biyu kafin kowa ya tafi gida. Wutar lantarki ta sa aikin kwana goma ya kai mu mako uku. Sai kuma maganar harshe. A cikin minti 18 an yi magana da Hausa da Sango da Fulatanci da Larabcin Chadi, mu kuma muka rubuta fassara da Faransanci a ƙasan hoto muna ganin mun burge, sai da muka gwada nuna wa iyayen yaran muka tarar rabinsu ba su karanta boko. Dole muka sake, wata yarinya mai zaƙin murya ta riƙa taƙaita kowace hira da Sango, harshen da ya haɗa kowa a garin nan. Kuɗin da muka kashe gaba ɗaya bai kai jaka ɗari na sefa ba, yawancinsa a kan man janareto da kuɗin babur da abinci, kuma karo-karo muka yi.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne 'yan matan. Da farko mazan sun raba aiki, su ne masu ɗauka da ba da umarni, mata kuma su riƙe jaka. Amma duk hirar da ta yi ma'ana a fim ɗin mata ne suka samo ta, domin su ne ke iya shiga cikin gida su zauna a gindin murhu, kuma a nan labarin yake. Ina kira ga iyaye da su yi tunani a kan wannan. Na san dalilin tsoronsu, sunan fim ya ɓaci a wajen mutanenmu, da an ambace shi sai a tuna da rawa da waƙa. Mu nan mun fi kowa kallon finafinan Kano, tun zamanin kaset har zuwa na waya, kuma wannan masana'anta da ta faro da Turmin Danya a 1990 ta riƙe mana harshenmu a bakin 'ya'yanmu a ƙasar da Hausa ba ta da gurbi a makaranta, wannan kam sai godiya. Sai dai yaronmu ya san titunan Kano a fim fiye da yadda yaron Kano ya san akwai Bahaushe a Bangui. Idan ba mu bar 'ya'yanmu sun koyi wannan sana'a a gabanmu, da tarbiyyarmu ba, to wasu za su ci gaba da ba da labarinmu yadda suka ga dama.

Daren da muka nuna fim ɗin, farin zanen gado muka ɗaura a bangon wani fili, muka aro majigi. Gidajen sinima na da duk sun daɗe da rufewa a garin nan, don haka yara da yawa ranar suka fara ganin hoto ya fi mutum girma. Mutanen cikin fim ɗin muka zaunar a sahun gaba. Da aka gama babu wanda ya tafa, aka yi tsit, sai wani dattijo Kirista ya miƙe ya ce shi ma gidansa kango ne har yanzu, me ya sa ba a zo wajensa ba? Yaran suka ba shi haƙuri suka ce hutu mai zuwa da shi za a fara. Fim na minti 18 ya jawo zance na kusan awa biyu, kuma a iya sanina wannan ne karo na farko da aka yi maganar gidajen nan a bainar jama'a, Musulmi da Kirista a zaune wuri ɗaya, aka tashi lafiya.

Saboda haka ina da roƙo. 'Yan kasuwarmu na Kilomita Biyar, waɗanda Allah Ya hore wa, kuna taimakon masallatai da marayu, Allah Ya saka da alheri, to ku haɗa da kyamara ɗaya da kwamfuta ɗaya da makirfo mai kyau a ajiye a wata makaranta don amfanin ɗalibai, kuɗinsu bai kai na babur biyu ba. Shugabannin makarantu su ware wa irin wannan aiki lokaci, su sa malami mai hankali a kansa. Masu shirya horon fim a cikin gari su riƙa aiko da sanarwa unguwanninmu da gidajen rediyonmu, domin yaranmu da yawa ba su saba zuwa inda ake liƙa ta ba. Hukuma kuma ta riƙa kallon fim tare da masu shi kafin ta yanke hukunci. Su kuma yaran da ke sha'awar farawa, shawarata gare su ita ce su fara da abin da ke bakin ƙofarsu, su yi sallama kafin su ɗaga waya, kuma kada su nuna wa duniya fuskar mutum sai sun koma sun nuna masa ya gani.

Yaran nan bakwai sun koma karatu, jarrabawa tana gabansu, na kuma gaya masu ba na son jin maganar fim sai sun gama. Ina roƙon masu karatu su sa su a addu'a. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya mayar da kowa ɗakinsa, Ya shirya mana zuriya.